Ɗakin Otal da Gidan Baffa

Shekara tara ke nan ina aiki a Jidda da wani kamfani da ke sayar wa asibitoci na'urorin gwajin jini, yake kuma kula da su idan sun sami matsala. Aikina shi ne in kafa na'ura, in koya wa ma'aikatan ɗakin gwaji yadda za su sarrafa ta, sannan in riƙa komawa ina duba lafiyarta, saboda haka da wuya wata ya shige ban yi tafiya sau biyu ko uku ba. Mafi yawan tafiyar ta Riyad ce, sai Dammam da Madina, jefi-jefi kuma Abha. Tun da aka mayar da hutun mako Juma'a da Asabar a shekarar 2013, Lahadi ce ranar fara aiki a ƙasar nan, don haka jirgin sanyin safiyar Lahadi ya zame mana kamar motar kasuwar ƙauye, wadda fasinjojinta suka san fuskokin juna ko da ba su san sunaye ba. Tsakanin Jidda da Riyad akwai kimanin kilomita 950, jirgi yana cinye su cikin awa ɗaya da rabi, kuma kafin ƙarfe goma na safe mutum yana tsaye a ɗakin gwajin wani asibiti da jakar kayan aikinsa a hannu, jakar tufafinsa kuwa tana jiran la'asar, lokacin da otal zai yarda ya ba shi ɗaki.

Abu na farko da nake nema idan na shiga ɗakin otal shi ne 'yar kibiyar nan mai nuna alƙibla, wadda ake liƙawa a silin ko a kan tebur ko a cikin durowa. Mu Hausawa mun tashi muna cewa gabas idan muna nufin alƙibla, har ana ce wa yaro ya fuskanci gabas idan ana koya masa salla. A Jidda kalmar ba ta ɓaci ba, domin Makka tana gabas da mu. Amma mai salla a Riyad da Dammam yamma yake fuskanta, da ɗan karkata zuwa kudu, na Madina yana fuskantar kudu, na Abha kuwa arewa maso yamma. A daren farko da na kwana a Riyad na shimfiɗa darduma ina kallon inda rana ta faɗi, kuma sai da na sake duba kibiyar na haɗa da manhajar wayata kafin zuciyata ta natsu na yi kabbara. Har yau wannan juyawar ita ce take fara sanar da ni cewa na bar gida.

Riyad gari ne na mutum kimanin miliyan bakwai, mai faɗi ƙwarai, kuma kusan duk wata harka ta kwangila da gwamnati can take ƙarewa. Daga farkon shekarar 2024 gwamnati ta shar'anta wa kamfanonin ƙasashen waje su kafa hedikwatarsu ta yanki a cikin Saudiyya idan suna son kwangilolinta, ga manyan taruka na masu zuba jari da na fasaha, ga bukukuwan da ake kira Mausim Riyad da aka fara a 2019, ga kuma shirye-shiryen baje kolin duniya na 2030 da gasar cin kofin duniya ta 2034. Duk waɗannan suna jawo baƙi, baƙi kuwa ɗaki suke nema. Na sha ganin ɗakin da na kama a wannan wata ya ninka kuɗinsa a wata mai zuwa, ba don an ƙara masa komai ba sai don ana wani taro a garin. Wannan ya koya mini in riƙa tambayar abin da ke gudana a Riyad kafin in tsayar da ranar tafiya, idan kuma aikin ba na gaggawa ba ne in roƙi asibitin mu ɗaga shi da mako guda.

A shekarun farko idona yana kan manyan otal-otal na unguwar Ulayya, inda hasumiyar Mamlaka mai tsawon mita 302 da ta Faisaliyya mai mita 267 suke kallon juna a kan titin Sarki Fahad. Suna da kyau, ba na musu. Amma na gane cewa abin da ya fi amfanar mai tafiyar aiki shi ne kusanci da wurin aikinsa, domin cunkoson Riyad, wanda mutanenmu na nan suke kira zahama, yana iya cinye awa guda a kan tafiyar da ba ta wuce ta minti ashirin ba. Otal mai tauraro uku wanda zan fita daga cikinsa in isa asibiti cikin minti goma ya fi mini mai tauraro biyar da zai sa in tashi tun kafin asuba in kuma dawo bayan isha'i a gajiye. Jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a watan Disamba na 2024, mai layi shida da tasha 85 a kan tsawon kilomita 176, ya sauya lissafin sosai, domin yanzu daga filin jirgin Sarki Khalid, wanda yake kimanin kilomita 35 arewa da tsakiyar gari, mutum yana iya shigowa ba tare da ya ɗauki mota ba. Tambayata ta farko a yanzu ita ce nisan otal da tasha, ta biyu kuma nisansa da masallaci.

A wurin karɓar baƙi ana neman iƙama, wato katin izinin zama na baƙo, ko katin ɗan ƙasa, a shigar da bayanan mutum cikin tsarin da hukuma take sanin wanda ya sauka a kowane masauki, sannan a riƙe wani abu a katin banki a matsayin ajiya. Wanda bai saba ba yakan yi mamakin bambancin kuɗin da ya gani a manhaja da wanda aka ce ya biya. Harajin saye da sayarwa, wanda aka fara da kashi 5 cikin ɗari a 2018, ya koma kashi 15 a watan Yuli na 2020, don haka ɗakin riyal 400 yana komawa 460 tun kafin a ɗora kuɗin baladiyya, wato na hukumar gari. Ya kamata mutum ya duba ko kuɗin da aka nuna masa ya haɗa da waɗannan, ya kuma tabbatar an rubuta fatura, wato rasit, da sunan kamfaninsa da lambar harajinsa tun yana tsaye a wurin, domin gyara ta bayan an koma Jidda wahala ce mai cin kwanaki.

Maganar fatura tana kai ni ga wani abu da nake ɗauka da muhimmanci. Kamfani yana biyan kuɗin ɗaki da na abinci da na mota, kuma babu wanda yake tsaye a kan mutum yana ƙirga abin da ya ci. A irin wannan wuri ne amana take bayyana. Na taɓa yin tafiya da wani abokin aiki wanda ya kwana a gidan ɗan uwansa, sannan ya nemo faturar wani masauki ya miƙa wa ofis, ya kuma ba ni shawarar in riƙa yin haka tunda, a cewarsa, kuɗin an riga an ware su. Ban karɓi shawarar ba, kuma ban ɓoye masa dalilina ba. Kuɗin da aka ware don kwana, idan ba a kwana ba, na mai su ne. Bayan haka kuma, mu baƙi ne a ƙasar nan, kuma abin da Bahaushe ɗaya ya yi a ofis ana ɗora shi a kan duk wanda zai zo neman aiki bayansa.

Ita kanta kalmar otal tana da nauyi a kunnen wanda ya tashi a ƙasar Hausa. A Kanon da na girma, idan aka ce an ga wane a otal, ba yabonsa ake yi ba, domin abin da mutane suka sani game da otal shi ne giya da kiɗa da matan banza. Lokacin da na fara wannan aiki, na gaya wa mahaifiyata a waya cewa a otal nake kwana idan na je Riyad, sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "To, Allah ya tsare, amma ba ka da kowa a garin ne?" Na yi mata bayani cewa funduƙ, kamar yadda ake kiran otal a nan, masauki ne kawai, irin wanda ita ma ta sauka a ciki da ta zo aikin Hajji, babu giya, akwai darduma a kowane ɗaki, ana kuma jin kiran salla daga masallatan unguwa. Ta gamsu da rabin bayanin. Ɗaya rabin, wato tambayar ko ba ni da kowa a garin, ya zauna a raina, domin ina da kowa, kuma na san ina da shi.

Ƙanin kakana ya bar Kano a ƙafa da niyyar Hajji, kamar yadda dubban mutanenmu suka yi kafin jirgin sama ya zama ruwan dare. Hanyar ta bi ta Borno da Chadi ta shiga Sudan, inda matafiya sukan tsaya shekaru suna aiki a gonakin auduga na Jazira don tara guzuri, suna samun mafaka a garuruwan 'yan uwa irin su Mai Wurno a bakin kogin Nilu, kafin su kai gaɓar Bahar Maliya su tsallako Jidda. Shi bai koma gida ba. Ya zauna a Makka, ya yi aure, ya hayayyafa, kuma babban ɗansa, wanda nake kira Baffa, aiki ya kai shi Riyad tun yana saurayi, yanzu ya yi ritaya yana zaune a kudancin garin da 'ya'ya da jikoki. Hausarsa gauraye take da Larabci, amma ladabin da ya riƙe na mutanen da ne, irin wanda ko a Kano ya fara ƙaranci.

A tafiyata ta uku ko ta huɗu zuwa Riyad ne labari ya kai masa, ta bakin matata da ta gaisa da Gwaggo, matar Baffa, a waya ta ambata cewa ina garin. Da daddare ina zaune a bakin gado ina rubuta rahoton aiki sai ga kiransa. Bayan gaisuwa ya ce, "Wato ka shigo garin nan kwana uku, sai a bakin mata zan ji? Gidan ubanka yana nan, ka je ka biya kuɗi ka kwana wurin mutanen da ba su san sunan kakanka ba?" Na ce, "Baffa, ku gafarce ni, aiki ne ya ɗaure ni, ban so in ɗora muku nauyi ba." Ya ce, "Nauyi? Mahaifina ya yi shekara shida a hanya, bai taɓa kwana a inda ya biya kuɗin shimfiɗa ba. Duk garin da ya shiga, tambaya yake yi ina Hausawa, a nuna masa ƙofa. Kai kuma ka san ƙofar, ka wuce ta." Ban sami abin cewa ba sai ban haƙuri, kuma a daren ban yi barcin kirki ba.

Na daɗe ina juya maganar, domin Baffa ba son rai ya faɗa ba, tsari ne guda ya tuna mini da shi. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro ba su san otal ba, amma sun san zango, sun kuma san fatoma. Fatoma shi ne mai masaukin da zai ba baƙo ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya gaya masa farashin kasuwa da wanda za a amince wa da wanda za a guje wa, ya tsaya masa idan za a ba shi bashi, ya shiga tsakani idan rigima ta tashi, idan ma baƙon ya kwanta ciwo ko ya rasu, shi ne zai yi jinya ko ya yi jana'iza ya aika wa dangi. Abin da yake samu la'ada ce da kuma suna, amma abin da baƙo yake samu ya wuce wurin kwana nesa ba kusa ba. Ɗakin otal ya ɗauki abu ɗaya tak daga cikin ayyukan fatoma, ya kyautata shi matuƙa, da zanin gado mai tsabta da ruwan zafi da na'urar sanyaya ɗaki da ƙofar da ke buɗewa da kati, sannan ya bar sauran. Na taɓa kwana biyu da zazzaɓi a hawa na goma sha ɗaya na wani otal a Khobar, kusa da Dammam, kuma wanda ya fara lura da halin da nake ciki shi ne yaron da ke gyara ɗaki, wani ɗan Bangaladash, wanda ya ga tiren abincin jiya a bakin ƙofa ba a taɓa ba, ya ƙwanƙwasa ya tambaye ni ko a kira likita. Allah ya saka masa da alheri. Amma da a gidan ɗan uwa nake, da tun daren farko an kawo mini magani da kunu.

Duk da haka ban daina sauka a otal ba, kuma ina da hujjojin da nake ganin sun isa. Gidan Baffa yana kudancin Riyad, yawancin asibitocin da nake yi wa aiki suna arewa da gabas, kuma idan na'ura ta tsaya da tsakar dare a ɗakin gwajin da ke karɓar jinin masu haɗari, ba a jiran wanda zai ratsa gari. Sannan baƙo a gidan Bahaushe ba ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Dole a zauna a yi hira, a sha gahawa da dabino, maƙwabta su shigo gaisuwa, a kai sha biyun dare, kuma rashin ladabi ne mutum ya ce yana da rahoton da zai tura kafin safiya. Akwai kuma abin da dattawa ba sa son a faɗa, wato gidajen birni na yanzu ba irin gidajen da ba ne masu zaure da ɗakin baƙi a waje. Shiƙƙa ce, wato sashen gida a bene, kuma saukar namiji baƙo yana nufin a tashi samari daga ɗakinsu, matan gida su takura, a riƙa girki na musamman kullum. An ce baƙo raɓa ne, amma wanda yake zuwa sau biyu a wata shekara da shekaru ya tashi daga raɓa. Kuskurena a wancan karon ba kama ɗaki ba ne, shiga gari ne in fita ban je na durƙusa na gaishe shi ba, kamar dai katin otal ya ɗauke mini haƙƙin zumunci.

Abin da muka daidaita a kai, bayan na je na same shi na yi masa wannan bayanin cikin ladabi, shi ne cewa kwana na otal ne, amma daren ƙarshe na kowace tafiya nasa ne. Ina gama aiki in tafi can, mu yi magariba tare a masallacin unguwarsu, mu ci abinci a faranti ɗaya, in koma masaukina idan dare ya yi. Idan na fito daga Jidda nakan riƙo masa siriya, wato tsiren nan namu da ya shiga abincin mutanen Hijaz har sunansa ya ɗan sauya a bakinsu, domin yana cewa na Riyad bai kai na Makka da Jidda ba. Daga wurinsa na san abubuwan da babu manhajar da za ta gaya mini: wane ne ya rasu a cikin dangi, wa ke neman aiki, wace yarinya za a aurar. Ta hanyar ɗansa na san wani ma'aikacin asibiti da ya sauƙaƙa mini shiga wurin da na yi wata biyu ina neman a ba ni lokaci. Aikin fatoma ke nan, bai mutu ba, sai dai mai nema ya tako da ƙafarsa.

Abin da ya fi damuna a zaman otal shi ne cin abinci ni kaɗai. Karin kumallo yana da yawa, ga ful da tamis, ga shakshuka da zaitun da cuku iri-iri, amma kowa yana zaune a teburinsa da waya a hannu, babu mai ce wa wani bisimilla. Da daddare kuwa kabsa ko mandi za a kawo a ɗaki, mutum ya ci yana kallon bango. Bayan kwana uku jiki yakan fara neman tuwo da miyar kuka, amma na lura cewa ba tuwon kaɗai nake kewa ba, har da hannuwan da ke shiga kwanon tare da nawa. Saboda haka na ɗora wa kaina sauka zuwa masallacin unguwa maimakon yin salla a ɗaki duk lokacin da hali ya yi, na kuma koyi gaisawa da ma'aikata da sunayensu. Yawancin masu shara da girki da ɗaukar kaya 'yan Indiya ne da Bangaladash da Filifin da Masar da Sudan, waɗanda suka bar iyalinsu shekara ɗaya ko biyu ba su gani ba, kuma idan na tuna haka sai kewata ta kwana huɗu ta yi mini sauƙi. A wurin karɓar baƙi kuwa yanzu 'yan ƙasa ne suka fi yawa, maza da mata. Wata rana wani saurayi ya karɓi iƙamata, ya dubi sunana da ƙasata, ya ɗago ya ce, "Sannu da zuwa, Kawu." Na duba ƙirjinsa na ga sunan zuriyarsu Hausawi. Hausar tasa ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba, abin da ya tsinta a bakin kakarsa a Makka, amma ban taɓa jin daɗin shiga wani otal kamar na ranar ba. Gaskiyar masu iya magana ce da suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Wanda ya saba da iskar Jidda mai laima da gumi ya shirya wa bushewar Riyad, wadda ke fasa leɓe da dunduniya kamar hunturun Kano, ga sanyi mai shiga ƙashi a watan Janairu da zafin da ke haura digiri 40 a bazara. Man kaɗanya ba ya barin jakata. Wanki da guga kuma gara a kai wa masu shagon unguwa, domin na otal yana da tsada ba gaira ba dalili. Idan aiki zai wuce mako, shiƙƙa mafrusha, wato gidan haya mai kayan ɗaki da kicin, ta fi otal sauƙi da sakewa.

Madina daban take da sauran. Tun da jirgin ƙasa na Haramaini ya fara aiki a 2018, mai gudun kilomita 300 a awa a kan layin kilomita 450 tsakanin Makka da Madina, ina iya barin Jidda da safe in isa cikin kimanin awa biyu, in gama aiki in dawo in kwana a gida. Amma sau da yawa nakan zaɓi in kwana, in biya daga aljihuna idan aikin bai wajabta ba, don in sami asuba a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A can da Makka ba ƙawar ɗaki ce take yanke farashi ba, yawan takun da ke tsakanin ƙofar otal da Harami ne, kuma a goman ƙarshe na Ramadan ɗakin da ke kusa sai mai hali. Wanda ya sauka a hawa na tsakiya ya fito da wuri, domin idan an kusa kiran salla lif yakan cika tun daga sama, mutum ya tsaya yana kallo yana wucewa. A waɗannan otal-otal ne kaɗai ba na jin kaɗaici, saboda da wuya in ratsa falo ban ji Hausa ba, daga bakin masu Umara da suka zo daga Kano ko Sakkwato ko Damagaram, kuma sau da yawa nakan tsaya in yi wa wata tsohuwa tafinta da ma'aikacin otal a kan katin ɗakinta da ya ƙi buɗewa.

A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, matafiyin da ya yi nisan kimanin kilomita 80 yana yin ƙasaru, amma idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri sai ya cika salla. Wannan iyakar ta kwana huɗu ta zame mini ma'auni har a wajen tsara aiki, domin nakan yi ƙoƙari kada tafiya ta wuce ta. Hadisi ya tabbata cewa tafiya yanki ce ta azaba, tana hana mutum abincinsa da abin shansa da barcinsa, kuma idan ya biya buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Da can nakan ɗauka azabar ta masu raƙumi da sahara ce, amma na same ta a kan katifa mai laushi, lokacin da ƙaramar 'yata ta tambaye ni ta waya ko gobe zan kai ta makaranta na ce mata sai jibi. Nauyin gida duka yana komawa kan mahaifiyarsu a waɗannan kwanaki, daga kai yara makaranta har zuwa asibiti idan wani ya kwana da zazzaɓi, kuma babu faturar da ake rubuta wannan a ciki. Shi ya sa idan aiki ya ƙare ranar Laraba da yamma ba na ƙara kwana don hutawa, ko da an riga an biya kuɗin ɗakin.

A tafiyata ta makon jiya na je gidan Baffa ranar Talata. Ƙafarsa ta fara ba shi wahala, a kan kujera ya yi salla, amma bai yarda na tafi ba sai da ya rako ni har bakin ƙofar bene yana dogara sanda. Gwaggo ta miƙo mini kunun gyaɗa a fulas, ta ce in sha da asuba kafin in fita, in kuma dawo mata da fulas ɗin a zuwa na gaba. Baffa ya riƙe hannuna ya ce, "Yaran nan naka har yanzu a hoto nake ganinsu." Na ce, "Baffa, in Allah ya yarda idan an yi hutun makaranta zan kawo muku su." Ya ce, "Da uwarsu. Kuma wannan karon ba aiki ne ya kawo ka ba, kada in ji maganar funduƙ." Na amsa masa da to. Na riga na nemi hutun kwana biyar a ofis, samarin gidan kuma sun ce za su koma falo su bar mana ɗakinsu.